Inda Muka Ajiye Waƙoƙin Iya

Shekara biyu bayan an ba mu jiha aka dawo da ni Dutse daga Kano, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen ilimin manya. Na kama haya a Takur, a wani gida mai ɓangare biyu da katanga ta raba. A ɗaya ɓangaren wani safiyo ne mai awon filaye da iyalinsa, Kirista, mutumin ƙasar Filato, ya girme ni da wajen shekara goma sha biyar. Kowa a layin Oga Safiyo yake ce masa, ni ma na bi sahu. Shi kuma Malam yake ce mini, ko da yake aikina bai wuce in rubuta takarda in kai wa na gaba da ni ya sa hannu ba.

A falonsa na fara ganin kayan sauti na gaske. Amfilifaya ce baƙa mai nauyin tsiya, da na'urar kaset a kanta, da lasifika biyu na katako da suka kai wa mutum ƙugu. Ni da na taso da rediyo mai batir huɗu, duk wanda ya fi ƙara shi ne mai kyau a wurina. Ranar wata Asabar bayan la'asar ya kira ni, ya zaunar da ni a kujerar tsakiya, ya sa kaset ɗin wani mai gurmi, ya rage murya har na ce a raina me za a ji a haka.

"Rufe idonka, Malam," in ji shi. "Ina mai gurmin yake zaune?"

Na rufe. Can na nuna hagu. Ya ce, "Mai amshi fa?" Na nuna dama, ɗan baya kaɗan. Ya yi dariya ya ce to yau na fara ji. A hankali, cikin shekara uku, ya taya ni haɗa nawa, duk na hannu, yau amfilifaya, bayan wata shida lasifika. Shi ya hana ni jingina su da bango, shi ya koya mini goge kan na'urar kaset da auduga.

A shekarun nan ne na riƙa tafiya gida Miga da ƙaramar rikoda duk bayan girbi. Mahaifiyata, da muke kira Iya, da ƙanwarta da muke kira Inna, gidajensu na kallon juna, kuma tare suke sussuka da daka tun suna 'yan mata. Iya ke bayar da waƙa, Inna na amsawa, taɓare biyu na sauka a turmi ɗaya. Ba mawaƙa ba ne, ba wanda ya taɓa gayyatarsu biki. Waƙar aiki ce kawai, wata sun gada, wata a nan take suke ƙirƙira ta a kan abin da ya faru a unguwa. Da farko in na ajiye rikodar a kan kujera 'yar tsugunno sai su yi shiru suna dariya. Daga baya suka manta da ita. Kafin Iya ta rasu na tara kaset goma sha ɗaya. Bayan rasuwarta na fi shekara ban iya sa ko ɗaya ba.

Sai shari'a ta zo. Ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba. Amma gari ya canza sauti. Kiɗan biki ya ja baya, masu sayar da kaset a bakin tasha suka tura na wa'azi da karatu gaba, na waƙa suka koma ƙasan tebur. Oga Safiyo, da ba wanda ya ce masa uffan, ya rage muryar kayansa da kansa, har waƙoƙin cocinsu na safiyar Lahadi na daina jin su ta katanga. Wata rana ya tare ni a ƙofa ya ce in gaya masa gaskiya ko kiɗansa na damun mutanen layi. Na ce ni dai bai taɓa damuna ba. Ya ce ya sani, ba ni yake tambaya ba. Mun ci gaba da zaman Asabar ɗinmu, tagogi a rufe.

A Miga kuma na ji labarin Inna ta shiga Islamiyyar matan aure, tana ta ƙoƙarin haddar ƙananan surori da tsufanta. Na yi mata murna, ban kawo komai a raina ba.

Shekara biyar ko shida bayan haka, cikin zafin bazara, na sa kaset na huɗu ina gyaran takardu. Muryar Iya ta fara ja kamar mai jin barci, sai ta tsaya. Na buɗe na'urar na tarar zaren ya naɗe a jikin robar da ke jansa, ya cukurkuɗe. Na ɗauki na'urar ɗungurungum na kai wa Oga Safiyo. Ya sa tabarau, ya ɗauki tsinken ashana da reza, ya fi awa yana warwarewa. Inda ya lalace sai da ya yanke kamar taƙi guda, ya haɗa bakin da salatif, ya naɗe da biro. Da muka sa, Iya ta fara baiti, sai kawai ga Inna tana amsa wani baitin daban.

"Malam, zafi ya fara cin su," in ji shi. "In ba ka kwashe su ba, ɗaya bayan ɗaya za su bi wannan."

Nan aka fara shawarar inda za a kwashe su. Ni ba Iya kaɗai nake so in ajiye ba. Ina da kaset na karatun Alƙur'ani, da na masu kukuma da garaya, da tarin faya-fayan sidi da suka fara karcewa. Ina son abu ɗaya da zai haɗiye su duka, in haɗa shi da amfilifayata, in daina tonon kwali.

Akwai wani mai shagon kwamfuta a hanyar kasuwa, magidanci mai furfura a gemu, da can gyaran rediyo yake yi kafin ya koma buga takardu da kwafar faifai. Muka je wurinsa ni da Oga Safiyo. Ya saurare mu, ya ce abu uku ne a gabana. Ko in sayi na'urar sidi mai cin faifai biyar, ya juye mini kaset ɗin a faya-fayai. Ko in sayi dibidi irin wadda ke karanta matsattsun waƙoƙi, ya matse kaset goma sha ɗayan nan a faifai ɗaya tal, in riƙa zaɓa da rimot ina kwance. Ko kuma in ɗauki tsohuwar kwamfutar ofis ta gwanjo, ya sa mata babban rumbun ajiya, komai ya zauna a cikinta, a ja waya zuwa amfilifaya.

Shi mai shagon dibidin yake so in saya. Ita ce mai araha, ita kowa ke saye, kuma ya ce ko makaho zai iya sarrafa ta. Oga Safiyo na'urar sidi yake so, don ya ce ba ya yarda da duk abin da aka matse. Ni kuwa kwamfutar ce ta tsaya mini a rai, ba don na san ta ba, sai don faifai ya riga ya ba ni haushi. Na ga wanda na saya sabo, wata uku ya fara tsalle. Muka yi ta ja har mai shagon ya gaji ya ce mu bar masa kaset ɗaya, zai juye shi iri biyu, mu je mu ji da kunnenmu.

Ranar Asabar ya zo da kansa a babur, da dibidi a kwali da kwamfuta ɗaure a baya. A falona aka haɗa. Ya fara sa na dibidin, yana murmushi, ya ce kwana biyu ya yi yana wanke shi, ya cire duk wata hayaniya da shuuu ɗin kaset. Gaskiya ya fita tas. Ba shuuu, ba iska. Na gyaɗa kai ina shirin yabawa, sai Oga Safiyo ya ce, "Ina turmin?"

Muka kasa kunne. Taɓaren na nan, amma sun koma kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar kwano. Akuyar da ke kuka a bayan gida a tsakiyar waƙa ta biyu, wadda na saba ji har na daina lura da ita, ta zama wani ɗan tsaki. Maiɗakina, malamar firamare ce, tana tsaye bakin ƙofar tsakar gida da tire a hannu. Ba ta saba sa baki in muna wannan zama ba, amma ranar ta ce, "Wannan ba Iya ba ce. Kamar ta sa kai a tulu take waƙar."

Fuskar mai shagon ta canza. Na ji tausayinsa, don aiki ya yi da zuciya ɗaya. Bai yi musu ba, ya dai kunna kwamfutar ya sa wanda bai taɓa ba, wanda ya juye yadda yake. Shuuu ya dawo, iska ta dawo, turmi ya dawo da nauyinsa har kana jin sa a ƙirji. Aka ji Iya ta ja numfashi kafin ta ɗaga taɓarya. Muka bar waƙar har ta ƙare.

"To ai shi ke nan," in ji mai shagon. "Amma ku sani, in ba a matse ba wuri yake ci. Faifai ɗaya ba zai ɗauki ko kaset ɗaya cikakke ba."

Wannan ya kashe maganar dibidi, ya kuma raunana ta Oga Safiyo, don da na'urar sidi sai na koma tara faya-fayai sama da ashirin na Iya kaɗai. Oga Safiyo ya ɗaga hannu ya ce ya sallama, amma da sharaɗi: a juye komai a faifai ma a ajiye a akwati, don bai yarda da ƙarfen da ba ya ganin cikinsa ba. Na yarda.

Kwamfutar ta zo da nata halin. Fankar cikinta na gurnani, in waƙa ta yi sanyi ita kake ji. Ga ɗauke wuta, wanda mai shagon ya ce yana iya lalata rumbun, dole na haɗa da akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci. Maganar gurnani kuwa Oga Safiyo ne ya warware ta. Ya auna bango da tef ɗinsa na aiki, muka nemi izinin mai gida, aka huda ƙaramin rami aka tura akwatin kwamfutar ɗakin ajiya, allon da madannin suka zauna a falo. Juye kaset ɗin ya ɗauki mako uku, don kowanne sai an bar shi ya yi waƙarsa daga farko har ƙarshe. Sunayen waƙoƙin ban san su ba, sai na sa aka rubuta kaset na ɗaya waƙa ta ɗaya, haka har ƙarshe. Maiɗakina ta riga ni iya sarrafa abin da kusan wata guda.

Da damina ta tsaya aka kawo Inna Dutse a cire mata yanar ido. Bayan aikin likita ya ce ta zauna kusa na mako biyu, sai ta sauka a wurinmu. Kwana huɗu da aikin, ranar Asabar, Oga Safiyo ya shigo duba ta, tare da wani abokin aikina da ya zo gaisuwa. Tana zaune a kan darduma a falo, da baƙin tabarau. Ni kuwa tun zuwanta nake ɗokin in nuna mata abin da na yi. Ban tambaye ta ba. Na tashi na danna kaset na biyu waƙa ta ɗaya.

Iya ta bayar, Inna ta amsa, muryarta ta shekara goma sha wani abu da suka wuce ta cika ɗakin. Na juya ina murmushi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta lalubi bango ta miƙe, ta fice tsakar gida. Maiɗakina ta bi ta, ta waiwayo ta yi mini wani kallo. Na kashe. Baƙin ba su daɗe ba suka yi sallama.

Na sami Inna a gindin bishiyar darbejiya. Na durƙusa.

"Ɗan nan, muryata ka baza wa maza a falo?"

"Inna, tsohuwar waƙa ce. Na ɗauka za ki ji daɗi."

"Na bar waƙa shekara biyar ke nan. Na tuba, na roƙi gafara. Ashe kai kana nan ka ajiye ta a inji, kana kunna wa duk wanda ya shigo."

Na ce ba duk wanda ya shigo ba, ta ce yau dai ta ga biyu. Na fara kawo mata abin da na ji malamai sun faɗa a kan waƙar aiki ta mata a cikin gida, ta katse ni. Ta ce ba fatawa ta zo nema ba, ita ta san abin da zuciyarta ta natsu da shi. Ta ce in goge.

"Inna, muryar Iya na ciki. Tare kuke."

"To cire tawa ka bar tata."

Ran Litinin na je wurin mai shagon na tambaye shi ko za a iya. Ya girgiza kai. Ya ce da rikoda ɗaya aka ɗauka, muryoyin sun riga sun gauraya, in ya yanke inda Inna ke amshi rabin baitin Iya zai tafi, don sau da yawa kafin ɗaya ta sauke ɗaya ta ɗauka. Na dawo na gaya mata. Ta ce ta ji.

Da yammacin ranar Oga Safiyo ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida, ya rusuna. Ya ce, "Mama, na zo ba da haƙuri. Na ji abin da ba a ba ni izinin ji ba." Ta ce ba laifinsa ba ne, laifin ɗanta ne. Ya ce shi ma tasa mahaifiyar tana waƙa in tana niƙa, amma lokacin ba shi da rikoda, yanzu ko ya rufe ido ba ya iya tuno yadda muryarta take. Bai roƙe ta komai ba. Ya yi mata fatan sauƙi ya tafi.

Kwana uku ba a sake tayar da maganar ba, ni kuma ban kunna komai ba, ko karatu. Ran Alhamis na taso aiki da wuri, na tarar ƙofar falo a rufe daga ciki. Na ji sautin turmi ƙasa-ƙasa. Ban ƙwanƙwasa ba, na zauna a dakalin waje. Kusan awa guda sannan maiɗakina ta buɗe, idonta ja. Ta ce Inna ce ta ce a kunna mata, kuma tana kirana.

Inna ta cire tabarau tana goge gefen idon da ba a yi wa aiki ba. Ta ce ta manta Yaya tana jan ƙarshen baiti haka. Sannan ta faɗi abin da ta yanke. Ba za a goge ba. Amma ba za a ƙara sa shi a falo gaban baƙi ba muddin tana raye. Matan gida da 'ya'yanmu da ni kaɗai. Na ce na ji, na kuma gode. Maiɗakina ta ce abu ne mai sauƙi, za ta ware waƙoƙin wuri guda ta sa musu lambar sirri. Inna ta ce to ita ta riƙe lambar, kar ta ba ni. Haka aka yi, har yau in ina son ji sai na nemi a buɗe mini. Ba a taɓa hana ni ba.

Sauran kwanakin da suka rage mata, kullum bayan azahar su biyu suke zama. Inna ta ga an rubuta waƙa ta ɗaya, waƙa ta biyu, ta ce wannan ai rashin sani ne. Ta riƙa faɗa, maiɗakina na bugawa: wannan ta shekarar da ruwa ya ci gonar fadama ce, wannan ta sussukar gero ce da suka koya wurin kakarsu, wannan ranar da aka kawo injin niƙa garin suka yi ta. Wasu ma ta faɗi waɗanda aka ji muryarsu suna wucewa a baya.

Ana gobe za ta tafi suka kai kaset na takwas. Maiɗakina ta leƙo ta ce in zo. Na tarar an tsayar da waƙar a tsakiya. Na san ta sarai, ita na fi so a cikinsu duka, don a ciki Iya ta kasa ƙarasa baiti saboda dariya. Ban taɓa sanin da wa suke ba.

"Wannan kam a goge ta," in ji Inna.

Na ce ai mun gama wannan magana. Ta ce wannan daban ce. Habaici ne suka yi wa wata maƙwabciyarsu a kan tunkiyarta da ta shiga musu shanya, kuma sun faɗi abin da ya wuce tunkiya, har da maganar haƙoranta. Duk wanda ya san unguwar zai gane da wa ake.

"Matar nan tana da rai. Benci ɗaya muke zama a makaranta. Da idona ya rufe, ita ta riƙa zuwa tana jan hannuna, ta kai ni ta dawo da ni, wata bakwai. Jikokinka za su girma su ji wannan, su je garin su gan ta ko su ga nata jikokin."

Na ce lambar sirri na nan. Ta ce lamba mutum ne ke riƙe ta. Na ce Iya tana dariya a ciki, ba ni da wani wurin da take dariya haka. Ta ce ta sani, ita ma da za ta so ta ƙara ji, amma da Yaya na nan ita za ta fara cewa a goge.

Ban ƙara ja ba. Maiɗakina ta danna, kwamfutar ta tambaya ko mun tabbata, ta dube ni, na ce ta ci gaba. Inna ta ce in ɗauko faifan da ke akwati, na ɗauko, ta sa aka sake juye sauran waƙoƙin a wani sabo, na karya tsohon a gabanta. Kaset na takwas ɗin kuwa ta ce in ba ta. Ta naɗe shi a ɗankwali ta tura ƙasan jakarta, tare da maganin ɗigawa a ido.

Da safe na kai ta tasha na sa ta a motar Miga. Ta ce in gaida maƙwabcina, in ce masa ta gode da ayabar da ya aiko mata. Ban tambaye ta abin da za ta yi da kaset ɗin ba, ita ma ba ta faɗa ba.